Murjanin Da Ke Haɗiye Kifi Cikin Akwatin Gilashi

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai mutane masu yawa waɗanda su ke kiwon kifin teku cikin ɗakunansu, ba don ci ba, ba kuwa don sayarwa ba, sai don sha'awar kallo kurum, kamar yadda waɗansu a nan su ke kiwon tantabaru ko kanari. A kan ƙera akwati na gilashi, a cika shi da ruwan gishiri, a jera duwatsu a ciki, a dasa murjani mai rai bisa duwatsun, sa'an nan a saki 'yan kifaye masu ado su riƙa kai da kawowa a tsakaninsu. To, cikin masu wannan kiwo akwai wata ƙara da aka daɗe ana kawowa, har yau kuwa ba ta ƙare ba. Mutum ya kan kashe fitila da dare kifayensa cif, gari ya waye ya ƙidaya ya ga babu ɗaya. Akwati a rufe ya ke, ba kyanwa, ba ɓera, ba gawa a ƙasa. Can sai ya lura da wani murjani wanda jiya ya ke shimfiɗe kamar faifai, yau ga shi ya dunƙule ya zama kamar tulu, in ya haska shi da fitila kuwa sai ya hangi inuwar kifinsa a ciki.

Wanda a ke tuhuma a wannan ƙara shi ne irin murjanin da Turawa su ke kira da sunan laimar kwaɗi, saboda ya yi kama da ita. Muna so mu bi maganar da masu karatu daki-daki, gama tuhumar tana da gaskiya a cikinta, amma ta haɗa mai laifi ɗaya ko biyu da marasa laifi da yawa, don kawai sunansu ɗaya a bakin 'yan kasuwa.

Murjani Dabba Ne

Mu a nan mun san murjani a wuyan mata, watau jan dutsen adon nan da fatake suka riƙa ƙetaro hamada da shi daga bakin Bahar Rum. Wannan ƙashi ne kurum, mai ƙashin kuwa dabba ce. Turawa ma sun daɗe cikin duhu game da wannan. A 1706 wani masani mutumin Italiya, Marsigli, ya sa reshen jan murjani cikin ruwan teku, ya ga waɗansu fararen abubuwa masu yatsu takwas sun ɓullo daga jikinsa, sai ya ba da labari ya ga furen murjani, watau dai tsiro ne. Bayan shekara kamar 20 wani likita na birnin Marsai a Faransa, Peyssonnel, ya sake duba furannin nan, ya ga suna motsi, suna janyewa in an taɓa su, ya ce ƙananan dabbobi ne. Manyan masana na Faris ba su karɓi maganarsa ba da fari, sai daga baya aka tabbata shi ne da gaskiya.

Ginin jikin dabbar ba shi da wuyar fahimta. Buhu ne mai baki ɗaya, ta nan abinci ke shiga, ta nan kuma abin da ya rage ke fita. Kewaye da bakin akwai yatsu, jikin yatsun kuwa cike ya ke da ƙananan kibau masu dafi waɗanda ido ba ya gani, su kan harbu da zarar abu ya goge su. Ba ta da ido, ba ta da ƙwaƙwalwa. Waɗansu irinta su kan fitar da ƙashi na farar ƙasa a ƙarƙashinsu, 'ya'ya su yi gini bisa ƙashin iyaye, har cikin dubban shekaru a sami tudu cikin teku. Mafi girman irin waɗannan tuddai yana gabas da Ostiraliya, tsawonsa ya kai mil 1,400. Alhazan da suka bi ta Sawakin suka ƙetare zuwa Jidda sun ratsa irinsu cikin Bahar Maliya, tsofaffin gidajen garuruwan nan biyu ma da dutsen murjani aka gina su. Gaɓar tekun Nijeriya ba ta da su, domin Kwara da sauran koguna suna kwararo laka da ruwan daɗi, murjani mai gini kuwa ruwa garau ya ke so.

Dalilin son ruwa garau shi ne haske. Cikin naman yawancin murjanin ruwa mai ɗumi akwai wata irin gansakuka ƙarama ƙwarai, tana zaune can tana sarrafa hasken rana ya zama abinci yadda ganyen itace ya ke yi, murjani kuwa yana cin rabonsa. Ke nan dabbar tana da hanya biyu ta neman abinci, noma da farauta. Wani iri ya fi dogara ga noman, wani iri bai bar farautar ba. Masu karatu su riƙe wannan, gama a nan duk shari'ar ta ta'allaƙa.

Yadda Laima Ta Shiga Ɗaki

Gidan kallon kifi na farko da aka buɗe wa jama'a an buɗe shi cikin gidan namun daji na London a 1853. Amma riƙe murjani da rai cikin akwati bai samu sosai ba sai bayan shekara 100 da 'yan kai, sa'ad da aka sami fitilu masu ƙarfi da injunan tace ruwa da na kaɗa shi. Aikin yana da ƙa'ida mai tsanani. Gishiri ya zama kashi 35 cikin 1,000 na ruwan, ɗuminsa ya tsaya wajen digiri 25 ko 26 a ma'aunin santigireti, dare da rana, rani da damina. In aka yi sake kaɗan, murjani mai rassa ya kan yi fari ya mutu cikin 'yan kwanaki.

Saboda haka in sabon shiga ya je kanti, abin da a kan fara miƙa masa laima ce. Ba ta da tsada, ba ta bukatar haske mai yawa, tana jure ruwan da bai gama tacuwa ba, ga launi ja da shuɗi da kore da mai ɗigo-ɗigo, ga ta da yaɗo kamar kirikiri. Waɗansu masu ƙuraje kamar balan-balan sun taɓa yin tsada har aka sayar da guda ɗaya dala dubbai, amma na gama-gari kuɗinsu kaɗan ne. Duk littattafan koyon kiwon nan sun sa ta cikin masu sauƙin hali, a galibi kuwa gaskiya suka faɗa.

Sai dai sunan ya rufe dangi biyu waɗanda ba ɗaya su ke ba. Na farko laima mai ƙashi, wadda masana su ke kira Fungiidae. Ita dabba guda ce babba bisa ƙashi mai zagaye, ƙashin yana da tsaga-tsaga kamar ƙarƙashin laimar kwaɗi, in ta girma kuwa ba ta manne da dutse, tana kwance bisa yashi, har ta kan iya juya kanta in igiyar ruwa ta kifar da ita. Na biyu laima mai laushi, Corallimorpharia, wadda ba ta da ƙashi ko kaɗan, nama ce zalla, da ƙafa guda manne da dutse da faifai a sama, baki a tsakiyar faifan. Ita ce a ke nufi galibi in an ce laima a kanti, a cikinta ne kuma mai laifin ya ke.

Ma'aikatan ofis za su so jin wannan. Laima mai ƙashi tana cikin murjanin da yarjejeniyar ƙasashe ta 1973 game da cinikin namun daji da tsirrai ta ce ba a fitar da su daga ƙasa sai da takardar izini, takardar kuwa tana ɗauke da sunan iri. Laima mai laushi ba ta cikin wannan lissafi. Ta kan iso kanti da sunan launinta kawai, ja ko kore ko mai gashi, mai saye ya biya ya tafi bai san ko wace dabba ya ɗauko ba.

Kunnen Giwa

A 1980 masana biyu 'yan Amurka, Daphne Dunn da William Hamner, suka buga bayanin wata babbar laima mai laushi ta tekun Indiya da Fasifik cikin mujallar ilmi ta Jami'ar Guwam. Suka raɗa mata suna da Latin, Amplexidiscus fenestrafer. Kalmar farko ma'anarta faifai mai runguma, ta biyu kuwa mai tagogi, saboda kusa da gefen faifan akwai wani zobe fili wanda ba yatsu a kansa. Masu kiwo suna kiranta kunnen giwa, da wannan suna za mu ci gaba. Cikin mujallar nan kuma, a wannan shekara, suka bayyana yadda ta ke cin abinci, suka nuna da lulluɓewa ta ke kamu.

Kunnen giwa ba shi da kyan gani kamar 'yan'uwansa. Launinsa ƙasa-ƙasa ne ko toka-toka mai ratsin kore, yatsunsa gajeru ne dunƙulallu, faɗinsa ya kan kai inci 12, manyansa har kusa da inci 18, watau kamar babban faifan rufe ƙwarya. Yatsun nan ba su da dafin da zai kā da kifi nan take, ba su da tsawon da za su cafke shi. Wanda ya dube shi zai ce ba abin tsoro a nan. Lumbu-lumbu ke nan, wutar ƙaiƙayi.

Ga yadda kamun ya ke. Kifi ko jatan lande ya sauka bisa faifan, ya goge yatsu. Gefen faifan ya fara ɗagowa sannu-sannu, ba girgiza, ba abin da zai firgita baƙo, har ya zama kamar akushi. Sa'an nan jijiyar da ke kewaye da gefen ta tsuke cikin 'yan sakan, daidai yadda a ke jan zariyar wando, akushi ya zama tulu mai rufaffen baki, da ruwa da kifi duk a ciki. Kifin zai yi ta bugun bango, amma bangon nama ne mai santsi mai yauƙi, yana lanƙwasa ba ya yagewa.  A hankali dabbar ta matse ruwan, ta tura kifin wajen baki, ta haɗiye. Cikin tumbinta akwai waɗansu zaruruwa masu manyan kibau na dafi da ruwan narkar da abinci, su ne ke ƙarasa aikin. Bayan kwana ɗaya ko biyu ta tofo ƙaya da ɓawo cikin dunƙulen majina, ta sake shimfiɗa faifanta kamar ba a yi kome ba.

Kifin da ya fi faɗawa cikin wannan tarko shi ne wanda ya fi kowa farin jini wurin masu kiwo, ɗan kifin nan ruwan lemo mai farar ɗamara uku, wanda wani majigin yara na Amurka ya sa duniya ta san shi a 2003. Turawa suna kiransa da sunan mai ba da dariya, mu ce da shi wawan sarki. Danginsa iri kamar 30 ne, dukansu kuwa a teku suna zaune cikin yatsun wata dabba 'yar'uwar murjani, mai kama da fure, wadda za mu kira furen teku. Furen teku yana da dafi mai kashe ƙananan kifaye, amma wawan sarki yana da wata majina a jikinsa da ke hana kibau harbuwa, sai ya shige cikin yatsun ya kwanta lafiya, babban kifi ba ya iya bin sa ciki. Iri 10 ne kaɗai na furen teku su ke karɓar wannan baƙo.

To, furen teku yana da wuyar riƙo cikin akwati, saboda haka masu kiwo da yawa ba su sa shi. Wawan sarki kuwa, ko da cikin tankin ƙyanƙyasa aka haife shi bai taɓa ganin teku ba, halinsa na neman makwanci mai laushi yana nan. In bai sami furen teku ba sai ya rungumi abin da ya samu, ko murjani mai yatsu, ko bututun injin ruwa, ko kusurwar gilashi. In akwai kunnen giwa, nan zai nufa, ya yi ta birgima bisa faifan kamar jaki a toka. Majinar jikinsa maganin dafi ce, ba maganin jaka ba ce. Waɗansu masana suna zaton kamannin kunnen giwa da furen teku ba banza ba ne, watau yaudara ce ta jawo irin waɗannan kifaye. Ko ma dai yaya ne, masu kiwo sun sha ba da labarin wawan sarkin da ya zauna bisa kunnen giwa wata da watanni lami lafiya, har mai shi ya saki jiki, ran nan aka wayi gari tulu ya rufe.

Ban da wawan sarki, waɗanda ke cikin haɗari su ne masu zama bisa abu maimakon iyo a sarari: ƙananan kifayen gindin dutse waɗanda a ke kira gobi da bileni, da dokin teku mai tafiyar hawainiya wanda ke neman abin da zai naɗe wutsiyarsa a kai, da jatan lande masu yawo bisa murjani suna tsintar abinci. Kifi mai ƙarfin iyo wanda ya wuce tsawon tafin hannu da wuya ya shiga wannan hali.

A ganinmu akwatin shi kansa yana da hannu cikin laifin. A teku kunnen giwa ɗaya ne cikin fili mai faɗi, kifi yana da makwanci dubu. Cikin akwati mai galan 40 ko 50, dabba mai faɗin inci 12 ta cinye babban kashi na wurin sauka, kifi kuwa zai wuce ta kanta sau ɗari a yini. Ga kuma dare. A teku rana ta kan faɗi a hankali, kowa ya nemi raminsa, amma a ɗaki a kan kashe fitila farat ɗaya, kifi ya firgita ya faɗa duk inda ya samu. In ma akwai wani kifi mai faɗa da ke korarsa daga duwatsu, ina zai ɓuya in ba cikin faifan nan mai laushi ba?

Gawa A Baki Ba Shaida Ba Ce

Yanzu mu juya ga sauran waɗanda a ke tuhuma. Duk wanda ya taɓa zama kusa da alƙali ya san samun mutum tsaye bisa gawa bai isa a ce shi ya yi kisa ba. Haka abin ya ke a nan. Kifi ya kan mutu da dare saboda ciwo, ko lalacewar ruwa, ko dukan ɗan'uwansa. Injin kaɗa ruwa ya yi ta gangara gawar har ta faɗa bisa wata laima, ita kuwa ta ji ƙanshin nama ta naɗe ta. Da safe mai akwati ya ga wutsiya a bakin laima ya yanke hukunci. Ungulu ya kama, kura ta tafi.

Ƙananan laimomi masu santsi, irin da a ke kira Discosoma, faɗinsu inci 2 ne ko 3, manoma ne kusan zalla, haske da abin da ya narke cikin ruwa su ke ci. In an ɗora musu nama ma sau da yawa sai ruwa ya share shi ba su motsa ba. Lafiyayyen kifi ba shi da abin tsoro wurinsu. Ricordea, mai ƙurajen nan masu ƙyalli wadda a ke samu a tekun Karibiyan da kuma Fasifik, ta kan karɓi ɗan guntun nama ta haɗiye, amma ƙarama ce, kamunta kuwa na nawa ne. Inda ya kamata a sa ido shi ne Rhodactis, mai gashi-gashi bisa faifai. Ƙananansa ba kome, amma waɗansu irinsa su kan girma su kai faɗin tasa, suna kuwa rufewa bisa abinci irin rufewar kunnen giwa, ko da ya ke ba su kai shi sauri ba. Abin da ya ƙara rikita lamarin, a kanti a kan kira manyan Rhodactis da sunan kunnen giwa, a kan kuma sayar da ɗan kunnen giwa na ainihi yana inci 3 cikin tarin ƙananan laimomi. Kama da wane ba ta wane, amma fa sai bayan shekara, in ya cika kusurwar akwati, a ke gane wanda aka sayo.

Laima mai ƙashi fa? Ita ma ba ta rasa baki ba, bakinta ma ya fi na yawancin murjani girma. A watan Maris na 2009 masana na jami'o'in Isra'ila suna nutso kusa da Ilat, a ƙarshen Bahar Maliya ta arewa, suka ga laimomi masu ƙashi suna haɗiye jelifish, watau dabbar nan mai yawo cikin ruwa wadda ba ƙashi ba tsoka, kamar dunƙulen ƙaro da ya jiƙa. Kafin wannan ba a taɓa rubuta cewa murjani yana cin babban jelifish ba. A 2012 kuma Bert Hoeksema na Holan da Zarinah Waheed ta Malesiya suka ba da labarin irin wannan ci a arewa maso yammacin tsibirin Borniyo, inda laimomin su ke haɗiye waɗansu dabbobi masu yauƙi da igiyar ruwa ta kawo musu. Amma a lura, duk waɗannan abinci ne da ba ya iya gudu. Laima mai ƙashi ba ta iya rufewa ta zama jaka, gama ƙashinta ya hana. Guda ɗaya ce cikinsu, Heliofungia, mai dogayen yatsu kamar na furen teku, a ke jin tsoronta ga ƙananan kifaye, ita ɗin ma a teku akwai wani farin kifi siriri kamar tsinke da ke zaune cikin yatsunta, ba shi da wani gida sai nan.

Abin Da Mai Kiwo Zai Yi

Hanyar gane mai laifi ba ta bukatar kayan aiki, malamin da ya saba koyar da darasin sanin halitta ma zai gan ta da sauƙi. A yanko ɗan guntun jatan lande kamar ƙwayar masara, a tsayar da injin kaɗa ruwa, a ɗora naman a hankali bisa faifan, a dubi agogo. Wadda ta yi biris da shi ba ta da haɗari. Wadda ta yi minti goma tana lallaɓa shi zuwa baki ita ma da sauƙi. Wadda gefenta ya ɗago ta rufe ruf kamar jaka, to a gwada faɗinta da tsawon ƙaramin kifin da ke cikin akwatin. In kifin zai shige cikin jakar nan, ɗayansu ya bar akwatin.

Waɗansu suna cewa in ana ciyar da kunnen giwa a kai a kai ba zai taɓa kifi ba. Mu ba mu ga abin dogara cikin wannan magana ba. Ƙoshi ya kan rage masa zafin kamu, amma dabbar da ba ta da ƙwaƙwalwa ba ta san abokin zama ba, taɓi da ƙanshi kawai ta sani. Ciyarwar ma ita ce ke sa shi girma da sauri, jaka ta ƙara faɗi.

In an tarar da kifi a ciki da sauran motsi, a kan sa yatsa cikin safar roba, ko wani abu marar kaifi, a buɗe bakin jakar a hankali har ya fita. Wani ya kan farfaɗo, wani kuwa ya kan mutu bayan kwana ɗaya saboda wahala da saɓulewar fata. In kuwa an riga an haɗiye shi, sai a jira abin da za a tofo a kwashe nan da nan, domin ruɓaɓɓen nama cikin ruwa kaɗan yana ta da gubar amoniya, wadda ke iya kashe kifayen da suka rage. Hasarar ta biyu sau da yawa ta fi ta farko.

Fitar da laima mai laushi kuwa aiki ne. In aka kankare ta daga dutse, ɗan tsokan da ya rage ko da kamar ƙwayar gero ne ya kan warke ya zama sabuwa, da ma ta haka ta ke yaɗuwa, tana matsawa tana barin guntun ƙafa a baya. Abin da ya fi shi ne a ɗauke dutsen gaba ɗaya a mayar kanti ko a ba wani. Kada a zuba wa dutsen tafasasshen ruwa ko a goge shi da burushi a ɗaki, gama bisa irin waɗannan duwatsu a kan sami wani murjani mai laushi dabam mai ɗauke da mugun dafi, tururinsa ya sha kwantar da iyali guda a asibiti a Turai da Amurka. Kada kuma wanda ke bakin teku ya jefa ta cikin teku. Ƙarfin yaɗonta an gan shi a tsibirin Falmira, mil kamar 1,000 kudu da Hawayi, inda wani jirgin kamun kifi ya kafe bisa tudun murjani a 1991. Zuwa 2008 masana sun ba da labari cewa wani irin Rhodactis ya yaɗu daga gindin jirgin ya lulluɓe fili kimanin eka 250, ya kashe murjani mai ƙashi da ke wurin, ana zaton ƙarfen da ke narkewa daga jirgin ne ya yi masa taki. Sai da hukumar Amurka ta sa aka sassare jirgin aka kwashe shi a 2013 zuwa farkon 2014.

Duk da haka akwai masu kiwon da su ke sayen kunnen giwa da saninsu, don shi kansa abin kallo ne. Su kan ware masa akwati nasa, da haske matsakaici da ruwa mai gudu a hankali, ba wawan sarki, ba gobi, ba dokin teku, in za a sa kifi sai manya masu iyo a sarari. Sau ɗaya ko biyu a mako a kan ɗora masa jatan lande guda, a tsaya a ga faifai ya zama akushi, akushi ya zama tulu, kashegari kuma a kwashe ɓawon da ya tofo.